Babi na Bakwai: Fako, Daga Bakin Teku Zuwa Ƙolin Dutse

Ba kasafai ake samun wuri a Afirka ba inda mutum zai tsoma ƙafa cikin teku da hantsi, kafin azahar kuma ya shiga neman rigar sanyi. Fako, ɗaya daga cikin gundumomi shida na jihar Kudu maso Yammacin Kamaru, irin wannan wuri ce. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 2,100 ba, ƙidayar 2005 kuma ta ba ta mutum kimanin 466,000. Abin da ya cinye mafi yawan wannan fili shi ne Dutsen Kamaru, mai tsayin mita dubu huɗu da 'yan kai, wanda babu kamarsa a duk yammacin Afirka. Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne kacal. Ba tsayin ne kaɗai abin mamaki ba, inda dutsen ya tsaya shi ne: tsakanin ƙolinsa da ruwan gishiri kimanin kilomita ashirin ne. Wato daga teku ya miƙe, ba tare da wata shimfiɗa ta a zo a gani a gabansa ba.

Dutsen ba shi kaɗai ba ne a danginsa. Akwai jerin duwatsu masu aman wuta da suka faro daga cikin teku, daga tsibiran Annobon da Sao Tome da Principe da Bioko, suka hau tudu a nan Fako, suka bi ta Manengouba da tsaunukan Bamenda, inda Tafkin Nyos ya saki iskar da ta halaka mutum fiye da 1,700 a 1986, suka miƙa har tsaunukan Mandara da tudun Biu na Barno. Mutumin Biu da na Buea a kan jijiya ɗaya suke zaune, illa dai ta Biu ta daɗe da yin sanyi.

Ta Fako kuwa da ranta. Dutsen ya yi amai a 1909, da 1922, da 1954, da 1959, da 1982, da 1999, da 2000. A 1922 narkakken dutse ya gangara har cikin teku a wajen Bibundi. A 1999 ya sauko ta kusa da ƙauyen Bakingili, ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau, ya tsaya saura ƙiris ya taɓa ruwa, dole aka karkatar da titin ya kewaye shi. Bakweri, mutanen da suka daɗe a jikin dutsen, suna cewa akwai mai shi, Epasa Moto, rabinsa mutum rabinsa dutse, kuma idan ƙasa ta fara girgiza sarakunansu kan hau su yi yanka don a lallashe shi.

Kafin a zo kan masu mulki, ya kamata a fahimci yadda dutsen nan ya raba ruwa, domin daga nan komai ya taso. Iskar damina tana tasowa daga teku ta kudu maso yamma ɗauke da laima, ta yi karo da dutsen, ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da kayanta. Saboda haka gefen da ke fuskantar teku ba ya bushewa. A Debundscha, wani ƙauye a gaɓar yamma, ruwan da ke sauka a shekara yakan kai milimita 10,000, kwatankwacin abin da Kano kan samu a shekara goma. Wurare kaɗan ne a duniya suka kai shi. In aka zagaya bayan dutsen zuwa Muyuka, a kan hanyar Kumba, sai a tarar ruwan bai kai sulusin haka ba, rani yana da ƙarfi, ƙasar koko ce da rogo da agade. Gabas kuma, wajen Tiko, fadama ce shimfiɗaɗɗiya mai zafi, wadda ta ƙare cikin ƙoramu da dazukan itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, har zuwa Kogin Mungo, iyakar masu Turancin Ingilishi da masu Faransanci.

Sai Buea, wadda ke zaune a jikin dutsen, mita ɗari takwas zuwa dubu sama da teku. Garin hazo ne da yayyafi, amma garin ƙishirwa. Ƙasar da aman wuta ya bari tana da ƙofofi, ba ta riƙe ruwa a sama. Yana sauka take shanye shi, sai can gangare ya ɓullo a idanun ruwa. Tun zamanin da, matan ƙauyukan tudu suna tara ruwan sama ko su yi doguwar tafiya da tulu. Yau ma, a unguwar ɗalibai ta Molyko, layin jarkoki a bakin famfo ba baƙon abu ba ne. Wanda ya taso a Sahel zai sha wuyar yarda cewa ana ƙishirwa a gefen ɗaya daga cikin wurare mafi ruwa a duniya, amma haka abin yake.

Wannan ƙasa baƙa mai shanye ruwa ita ce kuma mafi albarka a yankin. Duk abin da aka soka mata sai ya yi. Albarkar ce ta jawo wa masu ita wahala.

Turawa sun fara zama ne a bakin ruwa. A 1858 hukumar Sifen ta takura wa 'yan mishan na Baptis a tsibirin Fernando Po, wanda ake kira Bioko yanzu. Shugabansu Alfred Saker ya ƙetaro da mabiyansa, ya sayi fili a hannun Sarki William na Bimbia, ya kafa gari ya sa masa suna Biktoriya. Bimbia kanta tsohuwar tashar cinikin bayi ce, kufanta na nan har gobe a cikin daji. Jamusawa sun kafa tutarsu a Kamaru a 1884, Ingila ta miƙa musu Biktoriya a 1887. Daga nan suka ɗaga kai suka dubi dutse.

Bakweri ba su da sarki guda mai faɗa a ji. Ƙauyuka ne masu zaman kansu, kowanne da dattawansa, suna noman gwaza, suna kiwon aladu da awaki da gajerun shanu. Duk da haka ba su miƙa wuya da sauƙi ba. A 1891 mutanen Buea a ƙarƙashin Kuva Likenye suka tare rundunar Jamus, suka kashe kwamandanta Gravenreuth. Sai a 1894 Jamusawa suka dawo da shiri suka ci garin. Abin da ya biyo baya shi ne ginshiƙin wannan babi. Gwamna Jesko von Puttkamer ya raba wa kamfanonin Jamus ƙasar da ta fi kyau, kimanin eka 250,000, tun daga fadamar Tiko har gaɓar yamma. Aka tattara Bakweri a 'yan keɓaɓɓun filaye, mafi yawa a tudu inda ruwa ke wuya. Aka dasa koko, daga baya roba da kwakwar manja da ayaba. Tun a 1892 an buɗe lambun gwajin tsirrai a Biktoriya don wannan aiki, yana nan har yau, masu yawon buɗe ido na shiga shan inuwa.

A 1901 Puttkamer ya kwashe hedikwatar mulki daga Duwala ya kai Buea, gudun zafi da zazzaɓin cizon sauro. Ya gina wa kansa katafaren gida a can, wanda har yanzu yake tsaye. Daga wannan lokaci aka yi rabon da bai goge ba: ofis da hatimi a tudu, kaya da kuɗi a bakin ruwa. Shi ya sa yau gwamnan jiha yake Buea, babban Di'o na gundumar Fako kuma yake Limbe, sunan da Shugaba Ahmadu Ahidjo ya sauya wa Biktoriya a 1982. Hatta sunayen unguwanni na tuna wa mutum daga ina aka fara awo. Tashar motar Buea ana ce mata Mil 17, don mil goma sha bakwai ne daga Biktoriya.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko wannan sashe ya faɗa hannun Ingila, aka haɗa shi da Najeriya wajen gudanarwa. Mai karatu daga Arewa zai gane tsarin nan take: Razdan a Buea, Di'o a Biktoriya, En'e da kotunta da baitulmalinta a ƙasa. Sai dai tsarin da aka ɗinka a kan sarakunan Kano da Sakkwato bai zauna daidai a jikin mutanen da ba su san sarki mai cikakken iko ba. Turawa suka yi ta neman wanda za su ɗora, suka ɗaga wasu gidaje sama da wasu, kamar gidan Manga Williams a Biktoriya da gidan Endeley a Buea. Gandayen kuwa, da aka yi gwanjonsu a Landan a 1924, yawancinsu tsofaffin masu su Jamusawa ne suka sake saye. Sai da yaƙi na biyu ya zo aka ƙwace su gaba ɗaya. Bakweri suka kafa kwamitin neman ƙasarsu a 1946, suka rubuta koke har Majalisar Ɗinkin Duniya. Amsar da suka samu ita ce a takarda an ayyana filayen a matsayin ƙasar 'yan ƙasa, a aikace kuma aka ba da hayarsu na shekara sittin ga sabon kamfanin gwamnati, CDC, wanda ya fara aiki a farkon 1947.

Gandu yana son hannaye, Bakweri kuwa ba su da yawa. Aka yi ta kwararo leburori daga tsaunukan Bamenda, da ƙasar Ibo da Ibibiyo, da ɓangaren Faransa. Masunta daga Najeriya da Gana da Binin suka cika gaɓar teku, har yau kuma jiragen ruwa na kai da kawo tsakanin Idenau da Kalaba. Hausawa ma sun zo, da fatauci da sana'ar fawa, tsiren da ake ci da dare a Limbe da Mutengene gadonsu ne. Kafin a ankara masu gida suka zama 'yan tsiraru a garuruwansu. Harshen kasuwa da tasha da barikin leburori ya zama Turancin buroka, kuma da shi ake yi wa zuriyar baƙin nan gori, ana ce musu "come-no-go", ko da a asibitin Tiko aka yanke wa kakansu cibiya.

A ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a sashen Kamaru da Ingila ke riƙe da shi amana. Mutanen arewaci, su Mubi da Gwoza da Gembu, suka zaɓi Najeriya, aka yi musu Lardin Sardauna. Na kudanci, da kusan kashi saba'in cikin ɗari, suka zaɓi Kamaru, duk da cewa Dakta Emmanuel Endeley, ɗan Buea kuma firimiyan farko na yankin, Najeriya ya so. Aka haɗu a tarayya, Buea ta ci gaba da zama fadar gwamnatin yankin, wanda aka kira Kamaru ta Yamma, da firaministanta da majalisarta, har 1972 da aka soke tarayya. Daga nan tsarin Faransa ya shimfiɗu a kan na Ingila, kuma shi ne ake ciki.

A yau hannaye huɗu ne a kan ƙasar Fako, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi ƙarfi shi ne wanda ke saukowa daga Yawunde, fadar gwamnatin ƙasa. Shugaban ƙasa ne ke naɗa gwamna, shi ke naɗa babban Di'o, wanda masu Faransanci ke kira firefe, shi ke naɗa ƙananan Di'o-Di'o na ƙananan gundumomi bakwai: Buea, da Tiko, da Muyuka, da Gaɓar Yamma mai hedikwata a Idenau, da Limbe wadda aka kasa uku a 2007. Ba wanda ya zaɓe su, galibi ba 'yan wurin ba ne, kuma dikiri ɗaya da aka karanta a rediyo ya isa ya mayar da mutum Marwa ko Bertoua. Izinin taro a hannunsu yake, tsaro a hannunsu, kwamitin da ke duba neman takardar mallakar fili ma Di'o ne ke shugabantarsa.

Hannu na biyu shi ne majalisar gari, wadda kowace ƙaramar gunduma ke da ita. Jama'a na zaɓen kansiloli ta jerin sunayen jam'iyya, kansiloli su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Limbe tana da ƙarin majalisar birni a saman ukun nata. Shekara da shekaru wanda ke riƙe da birnin wakilin gwamnati ne da ake naɗowa, dabarar da aka yi amfani da ita a manyan garuruwa bayan 'yan adawa sun yi rawar gani a zaɓen ƙananan hukumomi na 1996: jama'a su zaɓi wanda suke so, gwamnati ta ɗora nata a kansa. Dokar raba iko ta Disamba 2019 ta soke wannan muƙami, ta maye shi da magajin birni zaɓaɓɓe, amma da sharaɗin ya zama ɗan asalin jihar. A wuri irin Fako wannan sharaɗi ba ƙaramar magana ba ce.

Me magajin gari ke iya yi? Yana yin rajistar haihuwa da aure, yana karɓar kuɗin rumfar kasuwa da na tashar mota, yana ba da izinin gini, yana gyaran hanyoyin unguwa da ajujuwan firamare. Sauran kuɗinsa kaso ne daga harajin da gwamnatin tsakiya ke tarawa, sai tallafi da rance daga FEICOM, asusun ƙananan hukumomi da aka kafa a 1974. Kasafin kuɗinsa ba ya aiki sai babban Di'o ya sa hannu, ma'ajinsa ma'aikacin gwamnati ne. Dokar 2019 ta ce abin da za a ware wa jihohi da ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi goma sha biyar cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, magadan gari kuwa har yanzu kuka suke cewa ba su gani a ƙasa ba. Ruwan famfo na kamfanin Camwater ne, wutar lantarki ma ba tasa ba ce, babbar hanya ta ma'aikatar ayyuka ce. Amma ranar da famfon Molyko ya ƙafe, ƙofar ofishinsa ake zuwa, domin shi kaɗai ne aka san gidan ubansa. Ɗan Najeriya da ya san yadda asusun haɗin gwiwa ya mayar da ciyaman yaron gwamna ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Sarakuna su ne hannu na uku. Dikirin 1977 ya kasa su daraja uku, ya mayar da su mataimakan hukuma. Masu zaɓen sarki su zaɓa, amma sai jami'in gwamnati ya amince. Na huɗu shi ne CDC, wanda babu sunansa a tsarin mulki amma ya fi kowace majalisar gari fili. Kafin rikicin 'yan aware na baya-bayan nan yana da ma'aikata wajen dubu ashirin, gwamnati ce kaɗai ta fi shi ɗaukar aiki a ƙasar. Yana da barikokinsa, da asibitocinsa, da hanyoyinsa. Wanda ya bi titi daga gadar Mungo zuwa mararrabar Mutengene zai yi ta wuce roba da ayaba a jere, in ya karya zuwa Limbe da Idenau kwakwa ta karɓe shi. Garuruwan suna matse ne a tsakanin gandaye, ba su da inda za su miƙe ƙafa sai kamfani ya matsa.

A ganina, nan ne ainihin siyasar Fako take, ba a akwatin zaɓe ba. Da gwamnati ta sanar da niyyar sayar da CDC a 1994, Bakweri suka ce ba a sayar da abin haya a bayan mai shi. Sun kai ƙara har hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka a Banjul, aka ce su koma su fara bin kotunan gida. A 2002 aka sayar da gandun shayin CDC na Tole. Abin da aka ba Bakweri don sanyaya zuciya shi ne a riƙa yanko filaye daga gandu ana mayar wa ƙauyuka, don su samu wurin faɗaɗa. A takarda adalci ne. A aikace sai ya zo daidai da lokacin da Buea ta cika ta batse, tun da aka buɗe jami'a a 1993, fuloti ya zama zinariya. Ƙauyukan da suka daɗe da zama kufai suka farfaɗo a takarda, kowanne da sabon sarki da takardar neman fili. Rigimar sarauta ta yawaita, domin mai sanda shi ke raba fuloti, mai amincewa da mai sanda kuma babban Di'o ne. Jaridun yankin sun shafe shekaru suna kawo labarin filayen da aka mayar wa talakawa suka ƙare a hannun masu kuɗi da manyan ma'aikata. Kura ce aka ba ajiyar nama.

Dutsen kuwa bai san fuloti ba. A watan Yunin 2001 ruwa ya kwana yana zuba a Limbe, tuddai suka zaftaro a kan gidajen da aka gina a gangare, mutum fiye da ashirin suka rasu. A watan Maris na 2023 laka da duwatsu suka gangaro cikin Buea ta tsofaffin magudanun da aka toshe da gini. Kowa ya san inda ruwa ke bi, tsofaffin Bakweri sun fi kowa sani. Amma mai sayar da fili daban, mai ba da takardar mallaka daban, mai izinin gini daban, mai kai ɗauki in abu ya faru kuma wata ma'aikata ce a Yawunde.

A ƙarshen 2016 lauyoyi da malaman makaranta na jihohi biyu masu Ingilishi suka shiga yajin aiki, abin ya rikiɗe ya zama yaƙin 'yan aware. An katse intanet wata uku a farkon 2017, matasan Buea masu sana'ar kwamfuta suka riƙa ƙetare Mungo don aika saƙo. Litinin ta zama ranar zaman gida dole: ɗan kasuwa in ya buɗe 'yan bindiga su ƙona, in ya rufe hukumar gari ta liƙa masa takarda a ƙofa. Nan ma yanayin ƙasa ya yi rabonsa. Limbe, mai matatar mai ta SONARA da sojoji masu tsaronta, ta zauna lafiya gwargwado, har ta cika da 'yan gudun hijira, ko da yake matatar kanta gobara ta ci ta a watan Mayun 2019. Muyuka da Ekona, masu daji a bayansu, suka zama fagen fama. An sare wa leburorin gandu yatsu don sun je aiki, fitar da ayaba ya tsaya a 2018, albashi ya maƙale wata da watanni. Sarakuna da kansiloli da yawa suka koma Duwala da zama, suna mulkin ƙauyukansu ta wayar salula.

Amsar gwamnati ita ce matsayi na musamman da dokar 2019 ta ba jihohin biyu: majalisar jiha mai zaure biyu, wakilan gundumomi saba'in da sarakuna ashirin, da wani jami'i mai karɓar koken jama'a a kan ƙananan hukumomi. An yi zaɓen farko a ranar 6 ga Disamba 2020, kansiloli da sarakuna ne suka kaɗa ƙuri'a, ba jama'a kai tsaye ba. A shekarar aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta ƙasa a Buea, a gurbin wata tsohuwar cibiya. Majalisar tana zama a Buea, tana yin kasafi, tana gina ajujuwa da ɗakunan shan magani. Gwamna naɗaɗɗe yana nan a samanta a matsayin mai sa ido, Di'o yana nan da kwamitin filayensa, kuma dokar ba ta ce uffan ba a kan wanda ya mallaki ƙasar da ayabar CDC ke tsaye a kai.